Fagin: Sunan Da Ya Fito Daga Littafi Ya Zama Sunan Malamin Ɓarayi



'Yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa a kan kalma ɗaya ce ta Turanci. Ana rubuta ta Fagin, ana furta ta "Fegin". Duk wanda ya buɗe babban ƙamus na Turanci zai tarar da ita da ma'anar babban mutum wanda yake koya wa wasu, musamman yara, aikata laifi. Asalinta kuwa sunan wani tsoho ne a cikin littafin ƙagaggen labari da aka rubuta a Ingila kusan shekara 190 da suka wuce. Za mu bi sawun wannan suna mu ga inda ya fito, da dalilin da ya sa ya zauna a bakin mutane, da mutanen da aka zalunta a kan hanyar zamansa kalma, sannan mu ga abin da za mu ɗauka.

SUNA YAKAN ZAMA KALMA

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin mai jin Hausa. Idan shugaba ya cika zalunci da girman kai mukan ce yana fir'aunanci. Idan mai dukiya ya cika fahariya mukan ce ya zama Ƙaruna. Mai wayon tsiya mukan kira shi Gizo, kamar yadda maƙwabtanmu Asante suke kiran irinsa Ananse. A duk waɗannan, sunan mutum ɗaya ne ko na tauraron tatsuniya ya bar mai shi ya zama na duk wanda ya ɗauki halinsa. Masu nahawu sukan ce keɓantaccen suna ya koma suna gama-gari.

Haka ya faru da Fagin. Da farko mutum ɗaya ne a littafi ɗaya. Tun a ƙarni na 19 Turawan Ingila suka fara cewa wane "wani Fagin ne", suna yi wa kalmar jam'i, har wasu ƙamusoshi suka koma rubuta ta da ƙaramin baƙi, alamar ta gama zama kalma kamar kowace.

MARUBUCIN DA ZAMANINSA

Wanda ya ƙirƙiro Fagin shi ne Charles Dickens, an haife shi a 1812, ya rasu a 1870. Littafin shi ne Oliver Twist. Ya fara fitowa kashi-kashi a wata mujalla ta wata-wata mai suna Bentley's Miscellany daga Fabrairun 1837 zuwa Afrilun 1839, aka kuma buga shi a matsayin littafi mai juzu'i 3 a Nuwamban 1838. Lokacin da ya fara shi Dickens yana ɗan shekara 25.

A wancan zamani birnin Landan ya cika maƙil da talakawan da suka baro ƙauyuka neman aiki, yaran da ba su da mai kula da su kuma suna kwana a lunguna da ƙarƙashin gadoji. A 1834 majalisar Ingila ta yi sabuwar dokar matalauta, wadda ta ce mai neman taimakon hukuma ya shiga wani gida da ake kira gidan aiki. Da gangan aka tsananta zaman waɗannan gidaje, ana raba miji da mata, ana raba iyaye da 'ya'ya, abinci kuma ɗan kaɗan, don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Yaron da ya gudu daga nan ba shi da wurin zuwa sai titi. In kuwa an kama shi da sata, hukuncin manya ake yi masa. Sai a 1808 aka soke hukuncin kisa a kan yankan aljihu, amma kora zuwa Ostireliya ta ci gaba. Tsakanin 1788 da 1868 an kwashi fursunoni kimanin 160,000 zuwa can, cikinsu har da yara, har aka gina musu kurkukunsu daban a tsibirin Tasmaniya.

LABARIN A TAƘAICE

Oliver maraya ne, an haife shi a gidan aiki, uwarsa ta rasu a daren haihuwarsa. Yana ɗan shekara 9 yunwa ta ishi yaran gidan, suka yi ƙuri'a ta faɗa kansa, ya je ya roƙi ƙarin koko. Wannan roƙo aka ɗauka babban laifi, aka miƙa shi ga wani mai ƙera akwatin gawa ya yi masa bauta. Da wulaƙanci ya yi yawa sai ya gudu, ya taka mil 70 a ƙasa cikin kwana 7 ya nufi Landan.

A wani gari kusa da birnin, yana zaune ƙafafunsa na jini, sai wani yaro sa'ansa mai suna Jack Dawkins, wanda ake yi wa laƙabi da Dodger saboda iya zillewa, ya tsaya ya saya masa abinci, ya ce ya san wani dattijon kirki da zai ba shi masauki kyauta. Dattijon nan shi ne Fagin. Gidansa yana wajen wani lungu da ake kira Field Lane, lungu na gaskiya wanda ya yi suna a Landan wajen sayar da hankicin siliki na sata.

Ranar da Oliver ya fara fita da yaran, suka zare hankicin wani dattijo mai suna Brownlow a bakin shagon littattafai suka arce, aka kama Oliver wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai shagon ya wanke shi a gaban majistare, Brownlow ya ɗauke shi gida. Fagin ya ji tsoron kada yaron ya tona masa asiri, ya sa wani ɗan fashi Bill Sikes da wata budurwa Nancy suka sato shi daga titi suka mayar da shi. Daga baya Nancy ta ji tausayin yaron ta kai labari a ɓoye. Fagin ya sa aka bi sawunta, ya kai wa Sikes zancen yadda zai fi tunzura shi, Sikes ya kashe ta. A ƙarshe Sikes ya mutu wajen gudu, aka kama Fagin aka yanke masa hukuncin rataya a kurkukun Newgate, Oliver kuma ya zauna a hannun Brownlow.

MAKARANTAR FAGIN

Abin da ya sa wannan suna ya fi sauran sunayen miyagun littafin zama a zukata shi ne Dickens ya nuna sata ana koyar da ita daki-daki, kamar yadda ake koyar da ɗinki ko kafinta. Sikes ya fi Fagin ƙarfi da zubar da jini, amma ba wanda yake kiran ɗan fashi "wani Sikes" a yau. Bari mu jera matakan koyarwar kamar yadda suka zo a labarin, domin su ne zuciyar darasin.

Mataki na 1, ciyarwa. Abin da Oliver ya fara gani a gidan shi ne tsoho tsaye gaban wuta yana soya nama, yara suna zaune suna hira. Aka ba shi abinci, aka ba shi giya mai ɗumi, aka ba shi wurin kwana. Yaron da hukuma ta hukunta don ya roƙi ƙarin koko, ga shi an cika masa ciki ba a tambaye shi ko sisi ba. Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mataki na 2, wasa. Da safe Fagin yakan sa battar taba a wannan aljihu, jakar kuɗi a wancan, agogo da sarƙarsa a gaban riga, ya ɗauki sanda yana zagaya ɗaki yana kwaikwayon dattijon da ke kallon shaguna. Yara biyu suna binsa a baya, ɗaya ya taka masa ƙafa kamar da kuskure, ɗaya ya bangaje shi, kafin ƙiftawar ido sun kwashe kayan. In ya ji hannu a aljihunsa sai ya yi ihu, a sake daga farko. Oliver ya yi ta dariya har da hawaye, bai san aji yake zaune ba.

Mataki na 3, yabo da ɗan ƙaramin aiki. Fagin ya bar hankici yana leƙowa daga aljihu ya ce Oliver ya gwada zarewa. Da ya zare, sai ya shafa kansa, ya ba shi sule ɗaya, ya ce in ya ci gaba a haka zai zama babban mutum. Sannan aka koya masa tsefe zaren sunan mai hankici da allura don kada a gane kayan. Aikin ba shi da kamar laifi, amma hannunsa ya riga ya shiga.

Mataki na 4, horo. Duk yaron da ya dawo hannu rabbana, Fagin yakan yi masa doguwar huɗuba a kan illar lalaci, ya hana shi abincin dare. Ku duba yadda ya ari kalmomin tarbiyya, wato ƙwazo da biyayya da godiya, ya juya su suka zama bayin sata.

Mataki na 5, tsoratarwa da keɓewa. Bayan an sato Oliver an mayar, Fagin ya zaunar da shi ya yi masa gorin abinci da masauki, ya ba shi labarin wani yaro da ya taɓa taimaka wa, wanda ya nemi zuwa wurin 'yan sanda, ƙarshensa aka rataye shi. Ya kulle shi shi kaɗai kwana da kwanaki, har kaɗaici ya sa ko muryar wa ya ji zai yi murna. Sai a sannan ya sake haɗa shi da yaran, suna ba shi labaran sata masu ban dariya.

Mataki na 6, ɗaurin da ba ya kwancewa. Fagin ya bayyana wa Sikes dabararsa ƙarara: a sa yaron ya yi laifi ɗaya na gaske, ya ji a ransa cewa shi ma ɓarawo ne, daga nan ya zama nasu har abada, domin ba zai iya kai ƙara ba tare da ya kai kansa ba. Shi ya sa aka tafi da shi fasa wani gida da dare, aka cusa shi ta ƙaramar taga, inda aka harbe shi a hannu.

Yanzu mu tambaya, wa ya ci riba a wannan makaranta? Dodger, wanda ya fi kowa ƙwarewa, an kama shi da battar taba ta azurfa aka kore shi Ostireliya har ƙarshen rayuwarsa. Nancy, wadda ta fara yi wa Fagin sata tun tana ƙaramar yarinya ta kuma shekara 12 a kai, an kashe ta. Akwai wurin da Fagin yake buɗe akwatin zinariyarsa yana murna cewa an rataye mutanensa ba wanda ya ambaci sunansa, domin matacce ba ya tona asiri. Shi ba ya fita titi. Yara su ɗauki haɗari, shi ya ɗauki kaya. Cikin yaran, Charley Bates kaɗai ya tsira, shi ma sai da kisan Nancy ya girgiza shi ya tuba, ya koma ƙauye ya sha wahala har ya zama makiyayi.

ME YA SA SUNAN YA ZAUNA?

Dalili na farko, akwai gurbi a harshen. Turanci yana da kalmar ɓarawo, yana da kalmar mai karɓar kayan sata, wanda mu muke kira ɓarawon zaune. Amma ba shi da kalmar da kowa ya sani ta wanda yake tara yara ya rene su ya koya musu sana'ar. Da littafin ya fito, sai mutane suka sami abin da za su nuna shi da shi.

Dalili na biyu, yaɗuwar labarin. Wata-wata ake jiransa, ana karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Tun kafin a gama buga shi gidajen wasan kwaikwayo na Landan suka fara nuna shi a 1838. Zanen da George Cruikshank ya yi wa littafin, musamman na Fagin zaune a ɗakin waɗanda za a rataye yana cizon yatsa, ya sa mutane suka riƙe kamanninsa. A ƙarni na 20 kuma sinima ta ɗauka.

Dalili na uku, mutumin yana nan a zahiri. Masu karatu sun san irinsa. A 1830 an yi wata shahararriyar shari'a a kotun Old Bailey ta wani ɓarawon zaune mai suna Ikey Solomon, wanda ya taɓa kuɓucewa daga hannun masu gadi ya bar ƙasar, aka kamo shi aka yanke masa korar shekara 14 zuwa Tasmaniya. Masu nazari da yawa suna ganin labarinsa yana cikin abin da Dickens ya duba. Dickens kansa ya bayyana a gabatarwar bugun 1841 cewa ya gaji da littattafan da ke nuna ɓarayi kamar jarumai masu kyawawan dawakai da tufafi, yana so ya nuna su cikin ƙazanta da fargabar da suke rayuwa a ciki.

ZALUNCI NA FARKO: YARON DA AKA ARI SUNANSA

Daga ina Dickens ya samo sunan? Amsar ba ta fito ba sai bayan rasuwarsa, lokacin da amininsa John Forster ya fara buga tarihin rayuwarsa a 1872.

A 1824 an ɗaure mahaifin Dickens a kurkukun Marshalsea saboda bashi. Shi kuma yana ɗan shekara 12 aka sa shi aiki a wata masana'antar man goge takalmi ta Warren a bakin kogin Landan, yana rufe kwalabe da takarda yana manna musu tambari, a kan sule 6 a mako. A ranarsa ta farko wani yaro maraya ya zo ya nuna masa yadda ake naɗa zare a ƙulla. Sunan yaron Bob Fagin. Shi ne ya riƙa kare shi in sauran yara sun tsokane shi. Ranar da ciwon gefen ciki ya kayar da Dickens a wurin aiki, Bob ya shimfiɗa masa ciyawa, ya riƙa cika kwalabe da ruwan zafi yana gasa masa wurin kusan rabin yini. Da yamma ya dage sai ya raka shi gida. Dickens yana jin kunyar a san iyayensa suna kurkuku, sai ya tsaya a ƙofar wani gida da bai san masu shi ba, ya yi sallama da Bob kamar nan ne gidansu, ya ƙwanƙwasa ƙofar don kada Bob ya gane.

Wato ainihin Fagin malami ne shi ma, amma sana'ar halal ya koyar, kuma bai nemi komai ba. Wasu masu nazari sun ce Dickens ya ji tsoron alherin Bob ne, domin alherin yana neman sa shi ya saba da rayuwar da yake ganin ta fi ƙarfin ƙasƙanci, ya manta da burinsa na karatu. Ko ma mene ne dalilin, sakamakon ɗaya ne: yaron da ya gasa masa ciki da ruwan zafi, sunansa ne yau yake cikin ƙamus da ma'anar mai lalata yara. Suna linzami ne, in ji Hausawa. Mai alƙalami ya yi hattara da inda zai ɗaura shi.

ZALUNCI NA BIYU: LAIFIN MUTUM ƊAYA A KAN AL'UMMA

Dickens ya mai da Fagin Bayahude, kuma bai tsaya nan ba. A babi 38 na farko ya kira shi "Bayahuden" fiye da sau 250, sau da yawa ba tare da ambaton sunansa ba. Sikes Kirista ne, haka ma shugabannin gidan aiki masu hana marayu abinci, amma ba a taɓa kiran ɗayansu da addininsa ko ƙabilarsa a madadin sunansa ba. Yahudawan Landan a lokacin 'yan tsiraru ne, yawancinsu talakawa masu talla da sayar da gwanjo, kuma sun daɗe suna shan tsangwama.

A 1863 wata Bayahudiya mai suna Eliza Davis, wadda mijinta ya sayi gidan Dickens a 1860, ta rubuta masa wasiƙa ta ce ya zalunci mutanenta, shi da aka sani da tsaya wa waɗanda ake zalunta. Da farko ya kare kansa, ya ce masu irin wannan sana'a a zamanin labarin galibi Yahudawa ne, sauran miyagun littafin kuma duk Kiristoci ne. Matar ba ta ja da baya ba, ta sake rubuta masa. Maganarta ta yi aiki. A littafinsa Our Mutual Friend na 1864 zuwa 1865 ya sa wani dattijon Bayahude mai amana da tausayi mai suna Riah. A bugun Oliver Twist na 1867 kuma ya bi babobin ƙarshe ya cire kalmar a wurare da yawa ya mayar da sunan Fagin.

Duk da haka tabon bai goge ba. Fim ɗin da David Lean ya yi a 1948, wanda Alec Guinness ya fito a matsayin Fagin da ƙaton hanci na roba, ya zo shekara 3 kacal bayan kisan miliyoyin Yahudawa a Turai. An yi zanga-zanga a kansa a Balin a 1949, a Amurka kuma ba a nuna shi ba sai 1951 bayan an yanke wasu sassa. Wasan waƙa mai suna Oliver! na 1960, da fim ɗinsa na 1968 wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, sun bi wata hanya, suka mai da Fagin tsoho mai barkwanci wanda ba a ma rataye shi ba. Wannan ma yana da nasa haɗari, domin ya sa mai lalata yara ya zama abin so. Ƙamus dai bai bi su ba, ya riƙe ma'anar farko, kuma bai sa ƙabila a cikinta ba.

Mu mutanen zango ba ma bukatar dogon bayani a nan. Mun san yadda ake ji idan yaro ɗaya ya yi laifi aka bar sunansa aka kira sunan unguwa, alhali in na wata unguwa ne sunansa kawai za a faɗa. Addininmu ya hana a ɗora wa wani nauyin laifin wani, ko shi wane ne. Abin da ba ma so a yi mana, kada mu yi wa kowace al'umma.

FAGIN A YAU

Jaridun Ingila har yanzu suna amfani da kalmar idan an kama babba yana tura yara sata ko bara. Sana'ar ta canja kaya kawai. Gungun masu sayar da miyagun ƙwayoyi na manyan birane irin su Landan da Libaful sukan buɗe layin waya don masu saye a ƙananan garuruwa, su riƙa aika yara, wasu 'yan shekara 12, da kayan a jirgin ƙasa. Sukan fara da saya wa yaro abinci ko takalmi ko waya. Wani lokaci su shirya a yi masa fashin kayan da suka ba shi, sannan su ce ya ci bashi, sai ya yi aiki ya biya. Ku gwada wannan da matakai 6 da muka jera. A 2015 Birtaniya ta yi dokar yaƙi da bautar zamani, wadda ta ba da damar a ɗauki irin wannan yaro a matsayin wanda aka zalunta, a nemi wanda ya tura shi.

A nan kusa da mu, kalmar "sakawa" da ake kiran damfarar intanet da ita a Gana daga Hausa ta fito. Ba yaron da aka haifa da sanin yadda ake rubuta wa baƙo wasiƙar yaudara. Wani ne ya zaunar da shi, ya ba shi waya, ya nuna masa, ya yaba masa, ya karɓi kaso mafi tsoka.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na ɗaya, idan an kama yaro da laifi, kada idonmu ya tsaya a kansa. Mu tambaya wa ya koya masa, wa yake karɓar kayan, wa yake ciyar da shi. Amfanin kalmar Fagin ke nan: tana tuna wa mutane cewa akwai wani zaune a bayan yaron. Dukan ɗan sane a kasuwa bai taɓa rufe makarantar da ta yaye shi ba.

Na biyu, ƙannenmu su san alamomin. Babba wanda yake ba ka kyauta ya ce kada ka faɗa a gida, wanda yake raba ka da iyayenka da malamanka, wanda yake aikenka da ƙunshin da bai yarda ka buɗe ba, wanda yake yi maka gorin abin da ya ba ka, wannan ka guje shi, ka kuma sanar da babban da ka amince da shi. Ko ka riga ka yi kuskure ɗaya, ƙarya ce a ce ba hanyar dawowa. Wannan ƙaryar ita ce igiyar da yake riƙe ka da ita.

Na uku, Fagin ya sami Oliver ne domin shi ya fara ba shi abinci da fara'a. A lungun nan na Field Lane, 'yan shekaru kaɗan bayan fitowar littafin, wasu masu sa kai suka buɗe makarantar kyauta ta yaran titi, irin wadda aka riƙa kira makarantar masu tsumma. Dickens ya ziyarce ta a 1843, a 1844 kuma aka kafa ƙungiyar irin waɗannan makarantu. Lungu ɗaya, yara iri ɗaya, makaranta biyu suna jayayya a kansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya riga kai hannu shi ke tanƙwarawa. Kowane ɗayanmu ya san wani yaro a layinsu da ba wanda ke tambayar ko ya ci abinci. Mai ɗinki ya jawo shi kusa da keke, makaniki ya ba shi sifana, ɗalibi ya zauna da shi rabin awa a kan karatu.

Na huɗu, mu kira mai laifi da aikinsa, mu bar ƙabilarsa da addininsa da unguwarsa. In kuma an yi wa wasu rashin adalci a rubuce, mu yi koyi da matar da ta ɗauki alƙalami cikin ladabi ta faɗa wa marubuci mafi shahara a ƙasarta gaskiya har ya gyara.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Kawo matakai 6 na koyarwar Fagin, ka faɗi wanda kake ganin ya fi wuyar ganewa ga yaro.
2. Me ya sa sunan Fagin ya zama kalma, na Sikes bai zama ba?
3. Mene ne bambanci tsakanin ɓarawon zaune da Fagin?
4. Wane alheri Bob Fagin ya yi wa Dickens, da me aka saka masa?
5. Kawo sunaye 3 na Hausa ko Larabci ko wani harshen da kake ji waɗanda suka tashi daga sunan mutum suka zama sunan hali.

Allah ya shirya mana zuriya, ya haɗa ƙannenmu da malamai na gari. Sai mun haɗu a darasi na gaba.

Wassalamu alaikum.